Idon Baba Saani na Hagu

Ofishin Maharazu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya a Stratford, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Tebur ɗaya, kujeru uku, sai butar dafa shayi a bakin taga. Dillalin inshorar lafiya ne, na ƙananan kamfanoni. In ya je Funtuwa hutu ya faɗi haka, sai yayyensa su dube shi su ce, "Ba an ce asibiti kyauta ne a Ingila ba?"

Kyauta ne kuwa. Asibitin gwamnati, NHS, kowa yana da haƙƙi a cikinsa. Amma in ciwon ba na gaggawa ba ne, gwiwa ce ko ido ko baya, sai mutum ya shiga layi, layin kuma yakan yi tsawo har mutum ya manta ranar da ya shige shi. Don haka mai gareji ko mai gidan abinci da ba ya son ma'aikatansa su yi watanni suna ɗingishi, sai ya saya musu inshora a riƙa duba su a asibitin kuɗi. Maharazu ne a tsakani. Shi zai nemo wa mai kamfani tsarin da aljihunsa zai iya ɗauka, kamfanin inshora kuma ya ba shi la'adarsa. Da wannan ya riƙe gida shekara da shekaru, ya yi wa 'yarsa Muhibbat karatu har jami'a.

Sai aka shiga shekarar da gwamnati ta ƙara kuɗin National Insurance da masu ɗaukar ma'aikata ke biya, aka ce wani ɓangare zai tafi gyaran asibitoci don layi ya ragu. Maharazu bai ƙi gyaran ba. Matarsa Zarah ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati, ya san yadda take dawowa gida ƙafafu a kumbure. Amma a shekarar ne kuma farashin inshorar ya yi tsalle, kuma babban kamfanin da ya fi hulɗa da shi ya fara gaya wa ƙananan 'yan kasuwa su shiga intanet su saya da kansu, ba sai da dillali ba. Baturke mai gidan burodi a Leyton ne ya fara bugo waya yana ba da haƙuri. Bayansa mai gareji, bayansa wasu 'yan Somaliya masu kamfanin kula da tsofaffi. Kowa maganarsa ɗaya: ko a biya albashi, ko a biya inshora. Maharazu ba ya musu da kowa. Yakan ce Allah ya kawo sauƙi, ya ajiye waya, ya daɗe yana kallon motoci ta taga.

Da lokacin sabunta inshorar Hajiya Suweiba ya matso, bai yi mata waya ba, da ƙafarsa ya je.

Hajiya Suweiba 'yar zangon Kumasi ce. Kicin ɗinta yana ƙarƙashin gadar jirgi, in jirgi ya wuce har murfin tukwane yana rawa. Daga nan take dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, da jollof da tuwo da miyar ayoyo, ana kai wa gidajen biki da ofisoshi. Ita da mijinta marigayi Abdul-Samed suka kafa wurin, ma'aikatanta kuma yawancinsu mata ne masu ƙananan yara. Namiji babba guda ɗaya ne, Baba Saani, direban motar kai abinci, aminin marigayin tun suna samari.

Ta zaunar da shi a ɗan lungun da take kira ofis, kusa da ɗakin ajiyar shinkafa, ta sa aka zubo masa waakye da ƙwai da soyayyen yajin shito kafin ya buɗe baki.

"Ci tukuna, Malam. Fuskarka ya riga ya gaya mini labarin."

Ya ci kaɗan, sannan ya gaya mata sabon farashin. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Wannan ai ba ƙari ba ne, yanka ne. To me ya kawo haka? Yarana ba su cika zuwa asibiti ba."

"Kowa aka ƙara wa, Hajiya. Amma naki akwai wani abu. Suna duba shekarun kowane ma'aikaci. Matan nan duk matasa ne, nasu da sauƙi. Mutum ɗaya ne ya ja farashin sama." Ya ajiye cokali. "Dole in faɗa miki duk hanyoyin da ke akwai, aikina ke nan. Wanda ya kai shekarun fansho, doka ta yarda a cire shi daga tsarin. In aka yi haka, sauran za su iya ci gaba kamar yadda suke."

"Baba Saani kake nufi."

"Shi."

Hajiya ta miƙe tsaye, kujerar ta ja baya da ƙara.

"Malam Maharazu, ranar da Abdul-Samed ya faɗi a nan wurin, wa ya ɗauke shi ya sa a mota? Wa ya wanke shi? Ka je ka gaya wa mutanenka, ko a sa mu duka ko a cire mu duka. Kuma idonsa ɗaya bai gama ba, ka sani."

Ya sani. A bara ne aka cire wa Baba Saani yanar idon dama a wani asibitin kuɗi a Marylebone, inshorar ta biya. Na hagu ya rage, likita ya ɗage aikin don sukarin jininsa ya yi sama. Maharazu ya ce mata akwai wani ƙaramin tsari mai sauƙin kuɗi, wanda ke biyan gwaje-gwaje da gashin ƙashi da ganin likita ta waya, amma ba ya biyan tiyata. Ta ce ya ba ta lokaci ta yi tunani. Da zai fita ya ga ƙofar ɗakin shinkafa a ɗan buɗe, bai kawo komai a ransa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana ofis sai ya ji ana hawowa bene a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Baba Saani ne, cikin farar riga da jaket ɗin aiki a sama, riƙe da leda. Dogon dattijo ne siriri, gemunsa fari fat. Ya ajiye ledar a tebur.

"Kelewele ne, soyayyen ayaba mai yaji. Anatu ya ce a kawo wa iyali."

Anatu matarsa ce. Hausar mutanen zango ba ta raba mace da namiji, Maharazu ya daɗe da sabawa. Ya yi godiya, ya ja masa kujera, ya kunna buta. Suka gaisa, suka tambayi gida da sanyi da jikoki. Sai Baba Saani ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa.

"Ɗana, ranar da ka zo ina cikin store na shinkafa. Ban yi niyyar saurare ba, amma kunne ba shi da ƙofa. Na ji duka. So nake ka cire sunana."

"Baba..."

"Bari in gama. Ka san Rukayatu? Yarinyan nan mai soya kaji. Bayansa yana ciwo tun da ya haihu, inshoran nan ne ya kai shi scan, yanzu ana maganan ƙaramin aiki. Yara uku gare shi, mijin ba ya nan. In Hajiya ya koma ƙaramin tsari saboda ni, Rukayatu zai shiga layi. Ni kuma na ci zamanina. Ido ɗaya ya ishe ni."

"Tuƙi fa?"

"Da rana ina gani tas. In yamma ya yi, sai in ba wani."

Maharazu ya zuba masa shayi. Dattijon ya miƙa hannu ga gwangwanin sukari ya zuba cokali biyu, ya ƙara na uku, yana magana.

"Kar ka ɗauka ban san daɗin abin ba. Ranar da aka buɗe mini na dama, na shiga flat namu na tsaya. Na ce Anatu, yaushe council masu gidan suka zo suka yi fenti? Ya ce wane fenti? Ashe bangon fari ne, ni shekaru ina ganinsa ruwan ƙasa. Na juya na kalle shi." Ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai. "Na ga furfura, na ga fuskan ya tattare a nan da nan. Ban san ya tsufa haka ba. Na zauna ina ta kallonsa har ya ce Malam lafiya? Na ce lafiya lau, kawai na daɗe ban gan ki ba. To wanda Allah ya ba wannan, me zai ƙara nema?"

Jirgi ya wuce can nesa.

"Baba, ko na so ba zan iya ba. Tsarin na Hajiya ne, ita ke sa suna, ita ke cirewa."

"Ai shi ya sa na zo wurinka. Ka san hanyan takarda. Ka cire kawai, kar ya sani."

"Ba zan yi mata haka ba. Kai ma ba za ka so a yi mata ba."

Dattijon ya shanye shayinsa, ya ce to, Allah ya yi albarka. Ya sauka bene yana lalubar bango da hannun hagu.

Da Maharazu ya koma gida Ilford, ya tarar Zarah ta dawo daga aiki tana yanka albasa. Ya jingina da ƙofar kicin ya ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse shi ba sai da ya kai wurin sukari cokali uku.

"Uku? Mutumin da aka yi masa cancel ɗin aiki saboda suga?" Ta ajiye wuƙa. "Abban Muhibbat, yaushe tsohon tsarin zai ƙare?"

"Ƙarshen watan jibi."

"To ai ba a makara ba. Ba layi ne ya hana shi ba, ba kuɗi ba ne, sugansa ne. In ya sauka, likita zai yi. NHS ma za su yi masa, kar ka ji wai, kuma za su yi da kyau, amma sai ya jira, shi kuwa tuƙi yake. Ku sauke sugan a yi aikin tun inshorar tana da rai."

"A wata biyu?"

"In ya ga GP, likitan unguwarsu, an gyara masa magani, kuma aka samu mai tsaya masa a kan abinci, ana gani. A ina yake cin abincin rana?"

"A kicin ɗin Hajiya."

Zarah ta ɗaga kafaɗa ta koma kan albasarta. "To ka ga mai tsaya masa."

Washegari ya kira Baba Saani ya ce zai gaya wa Hajiya komai, amma ya fi so a yi a gabansa. Dattijon ya ce, "Zai yi faɗa."

"Za ta yi."

Ta yi kuwa. A lungun nan aka zauna su uku, Baba Saani yana murza hularsa a hannu kamar ɗan makaranta.

"Yaya Saani! Ni za ka zagaye? Ka hau bene ka je ka ce a goge sunanka kamar wanda ya mutu? In Abdul-Samed ya tambaye ni gobe kiyama, in ce masa me?"

"Hajiya, yaran nan..."

"Yaran nan nawa ne, ni zan ji da su!"

Muryarta ta karye a nan. Ta juya baya tana gyara kwalaye da ba su buƙatar gyara. Maharazu ya bari sai da numfashinta ya daidaita, sannan ya kawo shawarar Zarah. Ya ƙara da cewa zai nemi a gaggauta na Rukayatu ita ma, a ga abin da zai yiwu kafin wa'adi. Hajiya ta juyo, idanunta jajaye. Ta dubi Baba Saani daga sama har ƙasa, sannan ta leƙa cikin kicin ta ɗaga murya.

"Ku saurara! Daga yau duk wanda ya ba Baba Saani kenkey, ko burodi, ko Fanta, ko kelewele, ya nemi wani aiki!"

Haka aka shiga. Anatu ta raka shi wurin GP aka canza masa magani. A kicin kuwa, Hajiya da kanta take zuba masa abinci: ganye tuli, kifi gasasshe, wake, shinkafa kuma ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Yakan kalli farantin ya ce wannan ai abincin akuya ne. Matan suka mai da abin wasa. In ya dawo daga kai abinci sai Rukayatu ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, buɗe aljihu." Wata rana ta ciro biskit biyu a naɗe cikin tishu, kicin ya ɗauki shewa, shi kuwa ya rantse na jikansa ne. Hajiya ta hana shi ajiye mota a bakin ƙofa, sai can ƙarshen titi, don ya riƙa takawa.

Shi kuma Maharazu ya kama waya. Ya samo amincewar kamfanin inshora a kan ido na biyu, ya sa aka rubuta sunan Baba Saani cikin waɗanda za a iya kira in wani ya fasa. Kowace safiya kafin ya sha shayi sai ya kira asibitin. Sakatariyar likitan, wata Baturiya mai haƙuri, har ta gane muryarsa, tana ɗagawa sai ta ce, "Nothing yet, Mr Maharazu." Na Rukayatu bai yi nasara ba. Likitanta ya ce ba zai taɓa bayan ba sai ta ƙara watanni tana gashin ƙashi, aikin ma watakila ba za a buƙace shi ba. Maharazu ya je da kansa ya gaya mata, tana tsaye gaban kaskon suya. Ta ce ba komai, dama tsoron wuƙar take ji. Ya ga dai yadda ta dafe ƙugu da za ta juya, abin ya tsaya masa a rai.

A cikin makonnin nan ne Katung ya neme shi. Tsohon abokin aikinsa ne, mutumin Kagoro, yanzu yana wani babban kamfanin dillalai kusa da Charing Cross. Suka haɗu a wani shagon kofi, Katung bai yi kwana-kwana ba.

"Mutumina, zamanin mutum ɗaya da tebur ɗaya ya wuce. Ka zo wurinmu kwana uku a sati. Sauran mutanenka ka riƙe su daga gida. Hayar ofishin nan tana cin ka."

"Mutanena suna son wurin da za su hau su zauna."

"Su nawa suka rage?"

Maharazu ya juya kofinsa a kan tebur, Katung kuma bai sake tambaya ba. Ya dafa masa kafaɗa ya ce ya yi shawara da madam.

Gwajin farko bai yi ba. Sugan ya sauka, amma likita ya ce da saura. Baba Saani ya fito daga asibiti ya je ya zauna cikin motarsa a ƙarshen titi. A can Maharazu ya same shi bayan Hajiya ta kira shi a waya. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga.

"Na wahalar da mutane a banza," in ji dattijon. "Hajiya yana dafa tukunya daban saboda ni. Kai kana ta waya. Na gaya maka tun farko."

"Baba, tsakaninka da Allah, akwai abin da kake ci a ɓoye?"

A hankali dattijon ya ce, "Koko. Da asuba. Anatu ba ya iya hana ni. Shekara arba'in yana dama mini, in na ce kar ya dama sai ya ga kamar na ƙi shi ne."

Maharazu ya danne dariyar da ta taso masa, don ya ga idon dattijon ya kawo ruwa. Da yamma ya ɗauki Zarah suka tafi gidan. Bai san abin da matan biyu suka tattauna a kicin ba. Ya dai ji dariya, sannan suka fito Anatu tana riƙe da hannun Zarah tana kiranta 'yata. Daga ranar Anatu ta koma dafa masa ƙwai da shayi ba sukari, ita ma ta bar kokon don kada ƙamshin ya dame shi.

Gwaji na biyu ya yi kyau. Amma ranar da asibiti suka bayar ta faɗa bayan ƙarewar inshorar. Maharazu ya roƙi kamfanin su ƙara ɗan lokaci, suka ce sai dai a sabunta na shekara guda cur. Bai gaya wa Baba Saani ba. Ya ci gaba da kiran safiya, har ranar wata Talata, saura 'yan kwanaki, sakatariyar ta riga shi kira. Wani ya kamu da mura, an yi cancel, ko Mr Saani zai iya zuwa jibi?

Tare suka tafi, shi da dattijon da Anatu. Suka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Stratford suka sauka a Bond Street, suka taka cikin titunan Marylebone masu dogayen gidaje da baƙaƙen ƙofofi. Anatu ta sha ado kamar mai zuwa suna. A ɗakin jira ta ciro carbi, Maharazu kuma ya zauna yana kallon ƙofar da aka shiga da dattijon. Ya tuna mahaifinsa, wanda ya ƙare rayuwarsa a Funtuwa yana gane 'ya'yansa da murya kawai, a lokacin da babu wanda ya san abin yana da magani. Bai taɓa ba kowa wannan labarin a Landan ba. Ya samu kansa yana ba Anatu, ita kuma tana gyaɗa kai tana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya sa haske a kabarinsa.

Ba a daɗe ba aka fito da Baba Saani, an rufe idon hagu da farar roba da filasta. Yana ganinsu ya ɗaga hannu.

"An gama? Ni ina jira a fara!"

A hanyar komawa ya riƙe hannun Anatu a dama, na Maharazu a hagu, suna tafiya a hankali mutane suna kauce musu. A bakin tasha ya tsaya ya ce, "Ɗana, na zo ofis naka in roƙe ka abu ɗaya, ka hana ni. Allah ya saka maka da hanin nan."

Bayan mako guda Hajiya Suweiba ta sa hannu a ƙaramin tsarin, da sunan kowa a ciki, har da Baba Saani. La'adar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, ita ma ta sani. Ta ce, "Malam, ka yi wa kanka asara a kaina." Ya ce tsarin da ya dace da ita ke nan a bana, in abubuwa sun gyaru sai a sake duba. Ya kuma taimaka wa Rukayatu ta sa GP ɗinta ya tura sunanta layin NHS tun yanzu, ko da za a buƙaci aikin nan gaba, gashin ƙashin kuma sabon tsarin ya ci gaba da biya.

Shi kuma ya karɓi tayin Katung. Ya sanar da mai gidan zai bar ofis a ƙarshen wata. Bai gaya wa mutanen kicin ranar tashi ba, amma Zarah ta gaya wa Anatu. Ranar Asabar da hantsi yana cikin ɗaure kwalaye sai ya ji hon ɗin mota a ƙasa. Ya leƙa ya ga motar kai abinci, Baba Saani a tsaye kusa da ita ba filasta, ba tabarau, yana ɗaga masa hannu, mata biyu daga kicin suna fitowa ta baya suna naɗe hannun riga.

Kafin azahar an kwashe komai. Teburin ne ya ba su wuya, sai da mai gyaran waya ya kawo sukuddireba aka cire ƙafafunsa. Maharazu ya tsaya shi kaɗai a ɗakin na ɗan lokaci, ya ga ashe ƙarami ne haka. Ya kulle, ya miƙa makulli, ya shiga gaban mota.

Likita ya riga ya ba Baba Saani izinin tuƙi. Ya bi ta Romford Road a hankali, hannu biyu a sitiyari, yana ba da labarin yadda shi da Abdul-Samed suka taɓa kai abincin biki gidan da ba shi ba, mutanen gidan kuma suka karɓa suka cinye. Matan suna dariya, Maharazu ma ya samu kansa yana yi.

A Ilford Muhibbat ce ta buɗe ƙofa, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta durƙusa ta gaida dattijon da Hausarta mai tsami, ya amsa mata da tasa ta zango, kowa yana ganin ta ɗayan ce a karkace. Sannan ta juya ga mahaifinta ta ce, "Abba, where's all this going?" Babu wanda ya yi wannan tunanin. Aka tsaya cirko-cirko a falo ana shawara, daga ƙarshe Zarah ta ce a kai teburin ɗakin baya, kusa da injin wanki, inda rana ke shigowa da safe. Aka mayar masa da ƙafafunsa a can. Ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, Baba Saani ya naɗe guntun kwali ya cusa a ƙarƙashinta, ya girgiza teburin ya ji ya zauna daram.

Zarah ta ce babu mai tafiya sai an ci abinci. Aka shimfiɗa leda a tsakiyar falo, tsakanin kwalaye, kowa ya wanke hannu.